Kar ka tashi daga haf gad sai hannunka ya shiga hammata

Ƙanena, ka ce duk sanda kake ƙasa a haf gad, wato a kokawar jiu-jitsu kana kwance ka harɗe ƙafa ɗaya ta abokin karawarka da ƙafafunka, ka yunƙura za ka tashi, sai dai ka ji ka a shaƙe ko an danne ka. Toh ba ƙarfi ka rasa ba, gaggawa ce, kana tashi tun baka samu riƙo ba.

Kar ka yarda gadon bayanka ya taɓa ƙasa. Kishingiɗa kana fuskantarsa, gwiwarka ta sama ta tokare ƙirjinsa, hannunka na ƙasa ya tare damtsensa, don in ya samu ya cusa maka kafaɗa a muƙamuƙi ya karkatar maka da fuska wallahi shikenan, sai yadda ya yi da kai. Daga nan ka zura hannun sama ta hammatarsa har ka kama kugu, andahuk kenan, kunnenka manne da haƙarƙarinsa. Tazarar nan da kake bari tsakanin kanka da jikinsa ita ke ba shi hanyar shaƙe ka da das, shaƙar nan da ake zuro hannu ta hammata a kama wuya, kullum nan ake cinka.

In kun hau gwiwa kafaɗa da kafaɗa zai naɗe hannunka da wiza, wato ya zagayo da nasa hannun ta saman naka ya matse, ba komai, kai dai kar ka saki ƙafarsa da ka harɗe. Saurari nauyinsa kawai. Ya tsaya cak, ka kamo gwiwarsa ta can nesa ka tura da kai da kafaɗa. Ya danno ka da ƙarfi, kar kai gardama, nutse ƙarƙashinsa ka mirgina da shi, turin da yake yi shi zai kai shi ƙasa. Wizar ta yi sako-sako kuwa, saki hannunka ya mutu ka zare, ga baya nan a buɗe.

Kasan da can haf gad wajen ɓuya ne kawai, sai da Roberto Correa, wanda ake ce wa Gordo, ya ji ciwo a gwiwa a Birazil, dole ta sa ya maida shi wajen kai hari. Nemi bidiyon Lucas Leite, wani gwanin haf gad, ka ga yadda yake hawa gwiwa, mutumin ba ya sauri ko kaɗan.

Kuma in ka hau sama ka danne, a dokar gasar kokawa ta ADCC sai ka riƙe daƙiƙa 3 kafin a baka maki. Gobe ka zo da wuri, daga kan gwiwa za mu fara, ni da wiza kai da andahuk, minti ɗaya ɗaya muna canji.