Kukan fambel a tsohuwar Fijo da aka yi wa ƙari

Tambayarka ita ce: "Oga, Peugeot 504 ɗin nan da aka ƙara wa esi da babbar altaneta mai amfiya 90, da an tayar da ita da safe sai ta dinga ƙiii. Na ɗaure fambel ta yi shiru, ba a jima ba ta dawo. In sayo sabon bel ne, ko altanetar ce ta mutu?"

Yarona, kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka ƙara ɗaure bel ɗin nan. In ka ci gaba da ja, boris ɗin altaneta (mai cajin batir) da na famfon ruwa, wato zobban ƙwallayen ƙarfe da sandunansu ke juyawa a ciki, su ne za su biya, alhali ba ka gano mai laifin ba. Tun 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) kuma ya yi shekaru yana haɗa ta a Kaduna, kuma da aka zana gaban injin nan ba a yi lissafin altaneta mai wannan girma ba, balle kwamfuresar esi da mai walda ya yi wa mazauni. Motar da aka yi wa ƙari, wurin ƙarin ake fara zargi.

Fara da kunne. Ƙara doguwa mai tsini da ke tashi in an taka totur, ko an kunna fitila ko esi, santsi ne, bel yana zamewa a kan fuli, wato faifan ƙarfe mai rami da bel ke zagayawa a ciki. Tsuwa gajera mai maimaituwa, cit-cit-cit, wadda ke bin gudun injin, yawanci fuli ne ba su daidaita a layi ɗaya ba. Gurnani ko ƙarar gogar ƙarfe na boris ne. Fito siriri da ke fitowa a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ya ɓace da an buɗe totur, iska ce injin ke zuƙa ta inda bai kamata ba. In kuwa sai mota na tafiya ake jin ƙarar, kuma tana canzawa da taka birki, rufe bonet ka koma ƙafafu.

Kafin ka sunkuya kan injin da ke aiki, naɗe hannun riga, cire carbi ko duk abin da ke lilo a jikinka. Fanka ba ta jira.

Zuba ruwa a gorar roba, ka huda murfin, ka fesa kaɗan a cikin bel ɗin, gefen da ke taɓa fuli, injin yana silo. In ƙarar ta ƙaru, bel ya saki ko ya gaza kama fuli. In ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo da bushewar ruwan, duba layin fuli. In ko gezau ba ta yi ba, ka fi zargin boris ko wani wuri dabam. Tunda motar na da bel fiye da ɗaya, fesa musu ɗaya bayan ɗaya don ka san wanne ke kuka. Ruwa kawai. Sabulu, man birki, giris da baƙin mai da wasu ke shafawa suna kashe ƙarar na ɗan lokaci, amma mai yana kumbura roba, ƙurar hunturu ta manne a kai, santsin ya ninka.

Sannan ka kashe injin, ka bari ya huce, ka cire bel ɗin duka, ka tayar. Kada ya wuce minti ɗaya, domin famfon ruwa ba ya juyawa. In ƙarar ta tafi, matsalar tana cikin bel da abubuwan da yake ja. Injin mai lita 2 na 504 da sarƙa yake juya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, don haka babu wani bel a ɓoye cikin murfi da za ka ɗora wa laifi.

Tunda bel yana hannunka, lanƙwasa shi ka duba. Gefen da ya yi ƙyalli ya taurare ya ƙone da santsi, ko ka ɗaure shi yaya ba zai sake kamawa ba, kuma ina kyautata zaton naka ya kai nan. Gefe ɗaya ya cinye ɗayan lafiya, fuli ne a karkace. In ya jiƙe da mai, nemo inda man ke fitowa, galibi sil ɗin gaban kiranshaf, babbar sandar injin da ke juya fulin ƙasa. In ruwa ne, duba ƙaramar hudar da ke ƙasan famfon ruwa, za ka ga sawun tsatsa ko farin gishiri. Sabon bel a kan yoyon da ba a toshe ba asarar kuɗin mai mota ce.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe. Bel mai siffar V da gefunansa biyu yake kamawa, ba da gindinsa ba. In ya zauna daidai, bayansa yana kusan daidai da bakin fuli, kuma akwai sarari tsakanin gindinsa da ƙasan ramin. Haska tocila cikin ramin fulin altaneta. In ka ga ƙasan ramin yana walƙiya, bel ya nutse yana taka ƙasa, gefuna ba sa aiki. Abu biyu ke jawo haka: ramin ya cinye ya faɗaɗa, ko kuma an haɗa bel da fulin da ba nasa ba. Na biyun ya fi yawa a motocin da aka sauya wa kaya. Irin wannan bel na mota yawanci faɗinsa milimita 10 ne ko 13, kuma a rubuce yake a bayansa, misali 10x950, wato faɗi 10, tsawo 950. Altanetar da aka ciro daga wata mota tana iya zuwa da fuli mai ramin 13, alhali na kiranshaf da na famfon ruwa na 10 ne. Ka sa na 10 ya nutse a altaneta, ka sa na 13 ya hau sama a sauran. Babu bel ɗin da zai gyara wannan. Fulin ake canzawa, a sa mai rami irin na sauran, mai hudar da ta dace da sandar altanetar.

Sai layi. Ɗauki miƙaƙƙen ƙarfe, ka kwantar da shi a fuskar fulin kiranshaf har ya kai fulin altaneta. Abin da kake awo shi ne tsakiyar rami da tsakiyar rami, domin kaurin bakin fuli ya bambanta. Auna daga ƙarfen zuwa tsakiyar kowane rami. A tazarar santimita 30, kuskuren kada ya wuce kamar milimita ɗaya da rabi. In fulin ya yi gaba ko baya, a gyara da wosha ko guntun bututu a ƙafar altaneta. In kuwa a karkace yake, gefe ɗaya ya taɓa ƙarfen ɗayan ya buɗe, mazaunin ne aka yi wa walda a karkace, sai an yanke an sake. Ka kuma sa hannu ka girgiza altaneta da kwamfuresa. Mazaunin da aka yi da siririn ƙarfe yana lanƙwashewa in nauyi ya hau, a tsaye ka ga layi daidai, da an kunna esi ya kauce. Irin wannan sai an ƙara masa tokara daga baya zuwa jikin injin. Duba hudar da dogon bol ɗin ƙafar altaneta ke shiga, in ta zama ƙwai, ita ce ke sakin bel bayan ka ɗaure.

Me ya sa da safe? Tayar da mota na zuƙe batir, sai altaneta ta shiga aiki da dukan ƙarfinta. Amfiya 90 sau bolt 14 ya ba ka wat 1,260, kuma kusan rabin ƙarfin da altaneta ke karɓa a zafi yake tafiya, don haka tana jan kamar ƙarfin doki 3 daga siririn bel guda, a kan ƙaramin fuli. Wannan dab yake da iyakar abin da bel ɗaya zai ɗauka. In batirin ya tsufa, jan ya fi daɗewa. Sa mita: batir mai lafiya da ya kwana yana nuna wajen bolt 12.6, injin na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. In ka tarar da shi ƙasa da 12.2 da safe, caja shi a waje ka gwada shi tukuna. Dubi kuma yadda bel ya naɗe fulin altaneta. In ɗan gefe kawai yake shafa saboda an matsar da ita don kwamfuresa ta samu wuri, ba zai riƙe ba. Maganin shi ne fuli mai ɗan girma, ko fuli mai rami biyu da bel biyu masu tsawo ɗaya, ko a mayar da altaneta daidai da bukatar motar in babu kayan wuta masu yawa.

Juya kowane fuli da hannu. Na altaneta ya tafi sumul ba tsakuwa-tsakuwa. In boris ya mutu karanta lambar da ke jikinsa, irin su 6203 ko 6303, ka sayo daidai ita. Kama fanka ka girgiza gaba da baya, in akwai wasa famfon ruwa ya tafi. Fulin kwamfuresa kullum yana juyawa ko esi a kashe yake, saboda haka ƙarar da ake ji esi a kashe, ta canza da an kunna, boris ɗin fulin ne. In kuwa sai an kunna take farawa, auna tazarar da ke tsakanin farantin kulocinta da fulin da filagej, wato siraran ƙarafan awon tazara. A kwamfuresar Sanden tsakanin milimita 0.4 da 0.8 ake so. Gas da ya yi yawa, ko fankar gaban kwandensa da ba ta aiki, suna sa kwamfuresa ta yi tauri har bel ya zame, musamman a cunkoso da zafin rana. Wannan sai mai esi ya sa gejinsa.

In kuwa ka cire bel ƙarar tana nan, taka kuloci a hankali. Ta canza, boris ɗin kuloci ne, aikin sauke giyabos. Ba ta canza ba, ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ka bi gindin kafireto da tiyon da ke zuwa tukunyar birki. Motar da aka sauya wa kafireto sau da yawa gaskit ɗin ƙasa bai zauna ba, ko an bar wani bakin iska a buɗe. Kada ka fesa fetur don neman yoyon. Sandar dilko, mai raba wuta ga fulogi, ita ma in ta bushe tana tsuwa, doguwar sukudireba a jikinta, ƙotar a kunne, za ka ji.

In ka gyara layi da fuli, wanke ramukan su bushe, ka goge tsatsa da samfefa mai laushi, ka sa sabon bel. Sassauta altaneta ya shiga da kansa, kada ka ɓanɓare shi da sukudireba, zaren ciki yake tsinkewa. Danna tsakiyar wuri mafi tsawo da babban yatsa, ƙarfin kamar kilo 10, ya sauka milimita 10 zuwa 13. Ɗaure bol ɗin sama, sannan na ƙasa. Bar injin ya yi minti 15 da fitilu da esi a kunne, ka kashe ka sake aunawa, domin sabon bel yana zama cikin rami ya saki. Ka ce wa mai motar ya bar ta ta kwana a gareji mu tayar da ita da sanyin safiya, kuma ya dawo bayan mako guda a sake duba ɗaurin.