Tambaya da amsa: Wai mi ake nufi da "sabon fure", kuma wa ke raɗa mishi suna?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aliero amma ɗan Zuru nike. Naji labari wai masana sun gano sabon fure irin wanda ake cema okid a cikin kurmi, to abin da ya ɗaure min kai mi ake nufi da sabo, yanzu Allah ya halicce shi ko mi? Sannan nima bara farkon damina naga wani fure bakin fadamar ƙauyenmu wanda ban taɓa ganin irinshi ba har na ɗauki hoto, in sabo ne zan iya sa mishi sunan mahaifiyata?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. A'a ba yanzu aka halicce shi ba, furen nan yana cikin kurminshi tun kakannin kakanni, ƙila ma maharban wurin da masu magani sun sanshi har suna da sunan da suke kiranshi. Sabo ne kawai a rajistar masana, wato ba'a taɓa rubuta kamanninshi an sa mishi suna na ilimi ba. Kuma abin ba wani abin mamaki bane gare mu, duk shekara tsirrai wajen 2,000 ake sa ma suna a duniya, dangin okid kaɗai sun kai kusan iri 28,000, har vanilla ɗin da kake ji cikin askirim da kek ta ainihin daga ƴaƴan wani okid take, asalinshi Meziko.

Ka fara sanin shi okid ɗin tukuna. Da yawa daga na kurmi bisa itace suke zama, to kar ka ɗauka kauci ne. Kaucin da kake gani bisa ɗorawa ko kaɗanya tsotson itacen yake, shi ko okid aron wurin zama kawai yayi, saiwarshi na waje tana shan ruwan sama da raɓa. Furen kuma yana da wata ganya guda da ta bambanta da sauran, leɓe muke ce mata, nan ƙwaro ke sauka, sannan garin furen a dunƙule yake ba kamar na masara da iska ke kwasa ba. Irinshi kuwa kamar ƙura, bai da guzurin abinci ko kaɗan, in bai haɗu da wata funfuna ta musamman da zata ciyar dashi ba bazai tsiro ba.

To yanzu aikin. Wlh ganin furen cikin daji shi ne mai sauƙi, wahalar na gaba. Sai ka sameshi da fure, ganye kaɗai bai isa shaida ba, kuma wani kwana kaɗan yake yi ya zube sai wata shekara. Ka ciro da izini, ka rubuta wuri da GPS da rana da irin itacen da yake kai da launinshi da ƙamshinshi nan take, don in ya bushe duk launin tafiya yake. Sai a shimfiɗa shi tsakanin tsoffin jaridu a danne da katako a ɗaure tamau, kullum ana canza takarda don a kurmi laima bata barin komai ya bushe, in kayi sakaci kwana biyu funfuna ta cinye. Wasu furannin kuma a jefa su kwalbar sifirit, saboda okid in aka matse shi kamanninshi lalacewa suke, na cikin kwalba shi za'a fede ƙarƙashin madubin ƙara girma a auna leɓe da sauran sassa da milimita.

Daga nan sai kwatance, nan ne mutum ke tsufa. Akwai ma'adanar busassun tsirrai da ake kira habariyom, tamu babba a Najeriya tana Ibadan ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji FRIN, ta Kew a Landan kuma tana da samfuri wajen miliyan 7. Dole ka bi duk ƴan uwan furenka ɗaya bayan ɗaya ka nuna ga inda ya saɓa masu, yanzu har DNA ake haɗawa. Ni kaina ina matashi na taɓa kwana biyu ban yi barci ba don murna na samu sabon abu, wani dattijo a wurin aikinmu ya jawo wata tsohuwar takarda da ta koma ruwan ƙasa ya aje gabana bai ce uffan ba, ashe tun zamanin Turawa an rubuta shi. Naji kunya ranar sosai.

In ya tabbata sabo ne sai a zaɓi samfuri guda a ce wanga shi ne ma'auni, kamar dai tiyar da ƴan kasuwa suka yarda da ita, duk wanda yayi gardama gobe can za'a koma a gwada. Tun 1958 suna bai inganta sai da wanga samfuri, kuma tun 2007 hoto ko zane bai tsayawa madadinshi ga irin waɗanga tsirrai, kaga hoton wayarka kaɗai bai isa ba kenan. Sai a rubuta bayanin kamanni a buga a mujallar masana, da can dole da Latin, daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci kuma aka yarda a buga ta intanet. Sunan kashi biyu ne, na gida sannan na yanka, tsarin da Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa a 1753, kuma wanda ya riga bugawa sunanshi ke zama ko da naka yafi daɗi.

Bari in baka misali guda da nike so. A 2020 Johan Hermans na Kew ya bayyana wani okid daga kurmin Madagaska, Gastrodia agnicellus, har jaridu suka riƙa ce mishi okid mafi muni a duniya. Ba ganye gare shi ko ɗaya, funfuna ke ciyar dashi, furen bai wuce santimita ɗaya da ɗan kai ba, ruwan ƙasa, ɓoye cikin ruɓaɓɓen ganye gindin itace, sai an yaye ganyen ake ganinshi. Agnicellus ɗin ma'anarshi ɗan rago, saboda saiwar mai gashi-gashi ce. Kaga an yi suna da rago amma ba'a yanka ba.

Sannan amfanin aune-aunen nan na milimita, a 1862 an aika ma Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, wani okid na Madagaska mai dogon bututu kusan santimita 30, zumar na can ƙasa, yace lallai akwai ƙwaro mai harshe tsawon haka. Sai 1903 aka bayyana ƙwaron, wani babban malam buɗe littafi na dare, lokacin shi ya daɗe da mutuwa.

Mu dawo furenka. Muma muna da okid a nan arewa, na ƙasa ne masu kama da albasa ko rizga a gindi, irin dangin Eulophia, suna fitowa da ruwan farko wani lokaci fure ya riga ganye, to bayaninka ya ɗan yi kama dasu. Amma gaskiya kar in yaudare ka, yawancin na savana, wato dajin ciyawa irin namu, suna da faɗin ƙasa, daga Sanagal har gabashin Afirka zaka iske iri ɗaya, an daɗe da rubuta su. Inda aka fi sa ran sabo a ƙasarmu kurmin Kuros Riba ne wajen Oban da Okwangwo, da tsaunukan Obudu da Mambila. Duk da haka ban cire maka rai ba, dazukan Kebbi da Zamfara ba'a bincike su yadda ya kamata ba, yanzu kuma ga halin tsaron da ake ciki, wa zai shiga Kuyambana neman fure.

Batun sunan Hajiya ya halatta, abin da masana ke ƙyama shi ne mutum ya sa sunan kanshi. In sunanta Hauwa zai zama hauwae, in Maryam ce maryamiae. Sai dai kar ka tumɓuke duka, kuma kar wani ya ruɗe ka ka aika waje, duk okid na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, fitar dashi ba takarda laifi ne. In damina ta faɗi kuma hanya da lafiya ka koma daidai wurin, ka ɗauki hoto gaba da gefe da biro kusa dashi don a gane girma, ka tambayi tsofaffin ƙauyen da Fulanin da ke kiwo nan mi suke ce mishi ka rubuta, ka ciro ɗaya tal har gindi ka danne cikin jarida, ka kai ma malamanku na sashen tsirrai su fara dubawa, in ya gagare su sun san hanyar Zariya da Ibadan.