Injinmu lafiya lau yake, me ya sa za a ce mu sayi sabo?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina aiki a ɗakin hoto na wani asibitin kuɗi a Sakkwato. Injinmu na hoton ƙirji yana aiki ƙalau, amma dillali ya ce manhajarsa ta tsufa, sai dai mu sayi sabo kacokan. Wani abokin aiki kuma ya ce ana iya raba manhajar da injin, a ɗora ta a wata 'yar kwamfuta daban. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka yana da gaskiya, amma rabinta, domin manhajar da ke cikin injin iri biyu ce.

Akwai wadda ke sarrafa hasken da ake harba wa majinyaci, ƙarfinsa da tsawon lokacinsa. Wannan kada kowa ya taɓa ta sai kamfanin da ya ƙera injin, don tare aka gwada su. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, injin gashin cutar daji mai suna Therac-25 ya dirka wa majinyata hasken da ya wuce ƙima nesa ba kusa ba, wasu suka rasu. An cire makullan kariya na ƙarfe da tsofaffin samfura suke da su, aka dogara ga manhaja kaɗai, ita kuwa ashe da kuskure a cikinta.

Ta biyun ita ce mai karɓar hoto, ta nuna shi a allo, ta adana, wani lokaci ma ta taya karantawa. Ita ce ake rabawa, kuma ina ganin ya kamata a raba. Ƙarfen inji yakan wuce shekara goma idan ana kula da shi, kwamfutar da ke maƙale da shi ce ke riga shi tsufa. Sau da yawa idan dillali ya ce “manhaja ta tsufa”, nufinsa Windows ɗin ciki ne, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro, kamar Windows 7 tun Janairun 2020. Sharaɗi ɗaya ne: injin ya iya fitar da hoto a tsarin DICOM, wanda manhajojin kamfanoni daban-daban ke karantawa. In har yanzu fim kuke wankewa, sai kun fara sayen farantin dijital, wato wanda ke ɗaukar hoton a madadin fim.

To, a ina manhajar za ta zauna? Wasu kamfanoni suna son a riƙa tura hoton ta intanet zuwa manyan kwamfutocinsu, a karanta can a dawo da sakamako. Ni a Sakkwato ban ba da wannan shawara ba. Ka tuna 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda tsaro. Asibitin da ya dogara ga sabis sai ya naɗe hannu. Gara 'yar kwamfuta a gefen injin, ta sarrafa hoton nan take, bayanan majinyaci ma ba su fita daga ɗakin ba. A 2021 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar karanta hoton ƙirji wajen tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama, kuma irin su CAD4TB suna iya aiki a ƙaramin akwati ba tare da intanet ba.

Sai dai akwatin nan sai da kulawa. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe kwamfuta, don haka a nemi akwatin da aka ƙera marar fanka, tunda fanka na zuƙo ƙura, a haɗa shi da inbata, a hana soka masa kowane filas. Manhajar da ke taya gano cuta ita ma kayan asibiti ce, ka nemi ganin takardun amincewa da ita.

Ka koma wa dillalin, ka ce ya rubuta maka wane ɓangare ne ya tsufa, da kuɗin canza kwamfutar ita kaɗai.