Kofaton ƙaramin doki: wanne ne aikinka, wanne ne na gwani?

Wani Alhaji daga Rayfield a Jos ya aiko da tambaya. Ya sayo wa jikokinsa ƙaramin doki, irin wanda tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Yau wata huɗu ba a taɓa kofatonsa ba, ga shi bakin ya fara tsagewa yana lanƙwasa sama. Mai yankan kofato kuma sai an yi ta kira kafin ya zo. Yana so ya ji ko zai iya sayen kayan aiki ya riƙa yi da kansa.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Za ka iya koyo, amma ba da wannan kofaton za ka fara ba. Wata huɗu ya yi yawa. Kofaton doki yana tsirowa kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yana ɗaukar wata tara zuwa shekara kafin abin da ya fito daga gindin gashi ya sauko ƙasa. Shi ya sa ake gyara shi duk sati shida zuwa takwas. Kuru, wato gajeren dokin da mutanen tsaunukan Filato suka saba hawa, yana yawo a kan duwatsu, ƙasa tana cinye masa kofato da kanta. Naka kuwa yana tsaye a kan ciyawar gida, ba nauyi gare shi ba, ba tafiya yake yi ba, don haka babu abin da ke rage masa. Kofaton da ya riga ya lanƙwasa ba a mayar da shi daidai a rana ɗaya. Ana rage shi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, domin jijiyoyin ƙafar sun saba da wannan tsayuwar, idan aka sauya ta farat ɗaya dokin zai kama ɗingishi. Wannan aikin gwani ne.

Mutane suna ɗauka tunda dokin ƙarami ne aikin ma ƙarami ne, alhali ƙanƙantar ce ke ƙara haɗarin. Waɗannan dawakai ba su wuce inci 34 zuwa 38 a tsayi, wato ƙasa da mita ɗaya, kuma kofatonsu bai cika tafin hannu ba. Kuskuren da babban ingarma zai shanye, a wurinsu yana karkatar da ƙafa gaba ɗaya. Awartaki ya ɗan zarce kaɗan, sai ka ga jini. Kada kuma a kira mai gyara wa ragunan layya kofato a ce ai duk ɗaya ne. Na rago rababbe ne gida biyu kuma yana da laushi, na doki guda ne, a kansa duk nauyin ƙafar yake sauka.

To, mene ne naka? Na farko shi ne share kofato kullum, ko aƙalla sau uku a sati. Ka tsaya gefensa kana fuskantar wutsiya, ka shafo ƙafar daga sama zuwa ƙasa, ka ɗaga ta. A nan nake roƙonka ka durƙusa ko ka zauna a kan 'yar kujera. Kada ka ja ƙafar sama zuwa gwiwarka, kada kuma ka fizgo ta gefe kamar yadda ake yi wa manyan dawakai, domin gaɓoɓinsa ba su kai can ba, kuma yawancin harbin da ake cewa na taurin kai ne daga wannan zafin yake fitowa. Da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa marar kaifi, ka fitar da laka da kashi da tsakuwa, daga dunduniya zuwa gaba. A tsakiyar tafin za ka ga wata tsoka mai taushi, mai siffar kan kibiya, da kwari biyu a gefenta. Ka share kwarin nan sosai, ka kai hanci. Idan ka ga baƙin ruwa mai wari, ruɓa ce ta fara, kuma a Jos cikin Yuli da Agusta, lokacin da barga ba ta bushewa, abu ne da ake gani sosai. Ka wanke, ka sa aidin, ka gyara wurin kwana ya bushe. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba magani ba ne, a daina.

Na biyu shi ne magagari. Bayan gwani ya daidaita kofaton, ka riƙa bin bakinsa da magagari duk sati biyu, gogawa kaɗan don zagaye gefen kada ya tsage. Magagari yana ci a hankali, kana gani kana tsayawa, shi ya sa na fi amince wa mai koyo da shi fiye da awartaki ko wuƙa. Ka goge bangon waje kawai. Tsakanin bangon da tafin akwai wani siririn layi mai haske, kada ka ci bangon har ya yi ƙasa da tafin, kuma tafin kansa ka ƙyale shi. Idan ka gama, ka tsayar da dokin a kan siminti mai daidai ka duba ta gaba da ta baya, ka ga ko ɓangarorin biyu sun yi tsayi ɗaya. Da hunturu kofato yana yin tauri ƙwarai, sai ka ɗora ƙafar a kan jiƙaƙƙen buhu na ɗan lokaci kafin ka fara.

Akwai abin da ya fi yankan damuna, domin lanƙwasawar da ka ambata ba koyaushe tsawo kaɗai ke kawo ta ba. Ƙananan dawakai suna saurin ƙiba, kuma ƙiba da yawan hatsi suna jawo kumburin cikin kofato, wanda likitoci ke kira laminaitis. Yara suna son ba shi dusa da dawa da rake da burodi, ga sabuwar ciyawar farkon damina mai zaƙi. Ka taɓa kofaton da safe. Idan da ɗumi, ko yana tsayuwa ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, ko yana jin tsoron juyawa, ko ka ga zobe-zobe a bangon da suka fi faɗi ta wajen dunduniya, ka ajiye magagari, ka janye hatsi nan take, ka nemi likitan dabbobi. Ciwo ne mai tsanani, kuma idan aka yi sakaci ƙashin da ke cikin kofaton yana iya juyawa. Ka yi sa'a kana kusa da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, ga kuma kwalejin lafiyar dabbobi a wurin. A tambaye su har da rigakafin tetanus, domin doki yana cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa, kuma sau da yawa ta raunin kofato take shiga.

Batun samun gwani, ka leƙa wajen masu kula da dawakan folo na Jos, su ne suka san wanda hannunsa ke da kyau. Idan ya zo, ka biya shi har da ladan koyarwa, ya yi ƙafa ɗaya kana kallo, ka goge ɗaya yana kallo. Ku tsayar da ranar dawowarsa tun kafin ya tafi. Idan akwai maƙwabta masu dawaki ko jakuna, ku haɗa rana ɗaya, zai fi saurin amsa kira.

Sai ɗaya tambayar taka, ko a buga masa takalmin ƙarfe don tsagewar ta tsaya. A'a. Bangon kofatonsa siriri ne, ƙusa na iya farfasa shi, kuma dokin da yara ke ja a tsakar gida ba ya bukatarsa. Idan aka rage tsawon aka zagaye bakin, ƙananan tsagar za su sauko su fita tare da sabon tsiro.