Kwikwiyo a ɗaki ɗaya, mai shi kuma yana cikin gosulo

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Agege, Legas, ɗaki ɗaya da banɗaki a hawa na biyu, aikina kuma a Victoria Island. Wani abokin aikina ya ba ni kwikwiyo ɗan sati 9, ruwa-biyu ne, uwarsa irin Lhasa ce, ƙananan karnukan nan masu dogon gashi. Ina fita ƙarfe biyar da rabi na asuba, ba na dawowa sai wajen tara na dare. Kullum in na buɗe ƙofa, zarni ne ke fara yi min sannu da zuwa. Na yi tsawa, na yi duka, har hancinsa na goga a cikin fitsarin kamar yadda aka ba ni shawara, duk a banza. Mai shagon kayan dabbobi ya ce in sayi keji, da tabarmar fitsari ta yarwa, da wani feshi da ke jan kare zuwa inda ake so ya yi. Kuɗina ba za su kai duka ba. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu fara da lissafi kafin mu shiga kasuwa. Daga biyar da rabi na asuba zuwa tara na dare awa goma sha biyar da rabi ke nan. Likitocin dabbobi suna da ƙiyasin da suke ba masu kiwo: kwikwiyo na iya riƙe fitsari kusan awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa, a ƙara awa ɗaya in an yi sa'a. Naka ɗan wata biyu ne, don haka awa biyu zuwa uku ne iyakarsa, kuma ƙananan irin karnuka mararsu ta fi ƙanƙanta. Kafin ka gama faman Oshodi ka hau gadar Third Mainland ya riga ya yi na farko. Kafin ka dawo ya yi biyar ko shida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yawanci sai sun kai wata 4 zuwa 6 kafin riƙon ya fara kankama.

Duka da goga hanci, ka bar su daga yau. Kare yana haɗa abin da ya yi da sakamakonsa ne in sun zo a cikin 'yan daƙiƙu. Fitsarin da ya yi da hantsi, ka zo ka doke shi a kansa bayan isha'i, abin da ya fahimta kawai shi ne mutumin nan in ya shigo akwai bala'i. Wannan noƙe kai da maƙale wutsiya da kake gani, tsoro ne, ba nadama ba. Ƙarshenta zai koyi ɓuya, ya riƙa yi a ƙarƙashin gado ko bayan firij, inda sai wari ya gaya maka.

Keji ba naka ba ne a yanzu. Dabarar keji ita ce kare ba ya son ɓata makwancinsa, shi ya sa yake daurewa har a fito da shi. Amma sai akwai mai fito da shi. In ka kulle shi awa goma sha biyar, dole ya yi a ciki ya kwanta a kai, kuma da zarar ya saba da kwanciya cikin ƙazanta, ka rasa makamin da ya fi kowanne amfani a horon. Feshin ma ka bar wa mai shago kayansa. Tsumman da ka goge fitsarinsa da shi, ka ajiye a inda kake so ya riƙa yi, zai yi maka aikin kyauta.

Abin da zan kashe kuɗi a kai shi ne shinge. Ka je wajen mai walda a unguwa, ya yi maka na raga mai naɗewa, tsayinsa ya kai ƙugu, ramukan ragar kuma ƙanana yadda kansa ba zai shiga ya maƙale ba. Ka kewaye bakin ƙofar banɗaki da shi, ka bar ƙofar a buɗe. Shimfiɗarsa da kwanon ruwa ta ɓangaren ɗaki, wurin bayan gida kuma can ƙuryar banɗaki kusa da magudana. Wannan ɗan banɗakin mai tayil da ake rainawa a gidajen hayar Legas, shi ne babbar sa'arka: bokiti ɗaya ya wanke komai. Sai dai ka rufe masai, ka ɗauke sabulu, reza da bokitin ruwa, ka kuma ɗaga wayoyin caja sama. Kada ka yi sha'awar baranda. In rana ta juyo kanta da azahar, ga zafi ga gumi, kare kuma ba ya zufa kamar mu, sai dai haki, kwikwiyo na iya mutuwa a nan kafin la'asar. Ɗakin ma a bar taga a buɗe, don fanka ba abin dogaro ba ce in an ɗauke wuta.

Tabarmar fitsari tana aiki, ba na musu. Matsalata da ita biyu ce. Kuɗinta ba ya ƙarewa, sa'an nan tana koya wa kwikwiyo cewa duk wani abu mai laushi, mai kusurwa huɗu, da aka shimfiɗa a ƙasa, wurin tsuguno ne. Ka duba ɗakinka ka ga me ya yi kama da haka. Darduma, tabarmar ƙofa, sallaya. Ni da zan zaɓa, faffaɗan farantin roba zan samu in zuba yashi mai tsabta, a riƙa sauyawa. Ranar da zai fara fita waje, ƙafarsa ta riga ta san cewa ƙasa ake nema.

Horon kansa kuwa yana hannunka ne da asuba, da dare, da ranakun Asabar da Lahadi. Da ya farka, da ya gama cin abinci, da ya gama wasa, ɗauke shi ka kai shi farantin. In ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, kada ka tsaya neman silifa. Yana gamawa, a nan take, ka yabe shi ka ba shi ɗan tsokar kaza kamar ƙwayar gyaɗa. Ka zaɓi kalma ɗaya da za ka riƙa faɗa yana cikin yi, kada ka sauya ta.

Ga wadda ba za ka so ji ba. Ko da shinge da yashi, ɗan sati 9 ba ya wuni shi kaɗai. Abinci sau uku zuwa huɗu yake bukata a rana, kuma wanda aka bari haka yakan tashi da kuka da cizon ƙofa, har maƙwabta su kai ƙararka wajen mai gida. Kuɗin keji da feshi, ka ware su ka biya wani amintacce, maigadin gidanku ko wani matashi maƙwabci da ba ya ƙyamar kare, ya leƙa sau biyu da rana na tsawon wata biyu ko uku. In babu wanda zai yi, ka roƙi abokin naka ya riƙe shi wajen uwarsa har ya ƙara wayo. In shi ma ba zai yiwu ba, mayar da shi ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Malam, ni ma ina da kwikwiyo a Idi-Araba. Ina wanke wurin da bilic da Izal, amma gobe nan zai koma. Kuma yaushe zan fara sauke shi ƙasa?

Amsa: Ƙanwata, hancinki ne ya gamsu, nasa bai gamsu ba. Ki fara tsane fitsarin da tsumma, ki wanke da ruwa da omo, sa'an nan ki nemi maganin wanki na musamman da ake sayarwa a shagon dabbobi, mai sinadarin da ke narkar da ragowar fitsari. Wannan kam ya ci kuɗinsa. Kada ki zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, kada kuma ki haɗa shi da wani magani, tururin na cutar da ƙirji. Masu ƙarfin wari irin Izal, kada ya taka sai wurin ya bushe, domin yana lasar ƙafa.

Saukowa ƙasa sai riga-kafi ya cika. Ana fara allurar ne a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma daga wata 3. Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, tana daɗewa a ƙasa watanni, kuma bakin kwata da karnukan unguwa ke bi shi ne gidanta. Ki tambayi likitan dabbobi maganin tsutsar ciki ma. In kin ga yana ɗigar da fitsari kaɗan-kaɗan yana kuka, wannan ba rashin horo ba ne, asibiti za ki.

Tambaya: Malam, don gadi nake son sayen kare irin Boerboel a ɗakina na Mile 12, amma ina tunanin najasa.

Amsa: Alhaji, fatawa sai malamai, amma ga abin da aka karantar da mu a zaure. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne ba tantama. Risala ta Ɗan Abi Zaidi ta hana ajiye kare a gidajen gari, ta yi rangwame ga na gona, na kiwo da na farauta, kuma malaman baya sun yi maganganu a kan na gadi. Ka zauna da malaminka kafin ka biya kuɗi.

Ta fuskar kiwo kuwa, Boerboel kare ne na gonakin Afirka ta Kudu, namijinsa in ya girma yakan haura kilo 60. Ba na ɗaki ɗaya ba ne, kuma cinsa kaɗai zai iya gasa da na gidanka. Sai ka ɗauke shi don haushi ya koma tunkuyi. In ɓarawo kake tsoro, kuɗin nan ka kai wa mai walda ya yi maka ƙofar ƙarfe da sandunan taga, ragowar ka zuba a kuɗin 'yan sintirin layinku.