Ganyen Tsoho na Ostireliya: shi ne tazargadenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ce ta aiko min da wani man shafawa daga waje, a jikin kwalbar an rubuta cewa an haɗa shi da Centipeda cunninghamii, wai ganyen maganin mutanen asalin Ostireliya. Da na shinshina sai na ji kamar tazargade. Shin shi ne aka sauya wa suna? Kuma zai yi wa ɗana maganin ƙaiƙayin fata? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hancinki bai yi nisa da gaskiya ba, amma ba tazargade ba ne. 'Yan gida ɗaya ne dai. Masana tsirrai sun sa su a babban dangin da ake kira Asteraceae, dangin da shuwaka ma take ciki, kuma da yawa daga 'ya'yan gidan nan akwai ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi a ganyensu.

Shi wannan ɗan tsiro ne gajere, da ƙyar yake wuce taƙi ɗaya. Ganyensa ƙanana ne masu haƙora a gefe, furensa kuma wasu 'yan ƙwallaye ne kore-kore da ke manne a hammatar ganye, ba su da wani ado da zai ja ido. A fadama yake rayuwa. Inda ya fi yawa shi ne bakin kogin Murray da tafkunan da ambaliya ke bari a jihohin Victoria da New South Wales. Ruwa na janyewa, sai ya tsiro a kan laka. Sunansa na kimiyya kuwa na tunawa da Allan Cunningham ne, Baturen Ingila mai tattara tsirrai da ya rasu a Sidni a 1839. Amma tun kafin zuwansa masu ƙasar sun san abinsu: wasu al'ummomin Victoria suna kiransa gukwonderuk, sunan da ya fi yaɗuwa a yau kuwa na Turanci ne, old man weed, wato ganyen tsoho.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke amfani da shi. Idan mura ko ciwon kai ya kama mutum, sai a ɗebo ɗanyen ganye a ɗaure masa a goshi ko a wurin da ke ciwo. Zafin jiki ne ke fitar da man da ke cikin ganyen a hankali, mutum na shaƙa, fata na sha. Dabara ce ta wanda ya daɗe yana lura da tsiro. Ana kuma dafa shi ko a jiƙa, a wanke gyambo da ƙuraje da ruwan, ko a sha kaɗan saboda tari da ciwon ƙirji. Na ce kaɗan, domin masu shi da kansu suna gargaɗi a kan yawan sha. Idan aka murza busasshen ganyen kusa da hanci sai atishawa, shi ya sa Turawa ma suka laƙaba masa sunan ciyawar atishawa. Yana da ɗan'uwa na kusa, Centipeda minima, wanda masu maganin gargajiya na Sin suka daɗe suna ba masu toshewar hanci.

To, batun ɗanki. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike sun nuna cewa ruwan ganyen yana da sinadaran da ke rage kumburi, wannan ne ma ya sa kamfanonin kayan shafe-shafe suka yi masa caa. Sai dai abin da aka gani a kwalbar gwaji daban ne da tabbacin warkar da yaro. Kuma man da ke hannunki ba ɗanyen ganyen bakin kogi ba ne. Wataƙila ɗigo kaɗan ne a cikin tarin wasu abubuwa, har da turare. Ki duba jerin kayan haɗin: idan sunansa na can ƙarshe, yawanci ɗan kaɗan aka sa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsirran wannan dangi suna cikin waɗanda suka fi jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da jan fata, wato maganin na iya ƙara wa Borno dawaki. Don haka ki shafa ɗan kaɗan a cikin damtsensa, ki jira kwana biyu. Idan wurin ya yi ja ko ya tashi, ki ajiye kwalbar. Kada ki sa a buɗaɗɗen ciwo ko kusa da ido, jariri kuwa kada a shafa masa sai da izinin likita.

Ni da zan ba ki shawara, ki fara kai shi a duba irin ƙaiƙayin. Idan ƙazuwa ce ko makero, kowanne da maganinsa a asibiti, kuma ba tsada. Ƙazuwa ma sai an yi wa duk 'yan gida magani tare, an wanke zannuwan gado da ruwan zafi. Allah ya ba shi lafiya.