Grep kaɗai zai fitar min da feature model daga tsohon kod?

Tambaya: Malam don Allah a taimaka, an damƙa min wani tsohon kod na C a wajen aiki, #ifdef (layukan da ke kunna ko kashe wani yanki na kod) ta ko'ina, wanda ya rubuta ya bar aikin bai bar bayani ko layi ɗaya ba. Oga yana son feature model (taswirar zaɓuɓɓukan manhajar da dokokin da ke tsakaninsu) kafin ƙarshen wata. Wani ya ce in yi grep (umarnin neman kalma a cikin fayiloli) kawai in tattara sunayen zaɓuɓɓukan, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da hankalinka bai kwanta ba. Wannan maganar ta grep kullum sai na ji ta, kuma wallahi ta ishe ni. Grep sunaye zai ba ka, shi kenan. Model kuwa dokoki ne, wane zaɓi ne ba ya tafiya sai da wane, wanne ne in ka kunna shi dole ɗan'uwansa ya mutu. Wai don ka ga B a cikin #ifdef na A sai ka rubuta B ɗan A ne, to idan B ya sake fitowa shi kaɗai a wani fayil fa? Kuma wasu sharuɗɗan ma ba sa cikin fayilolin C sam, suna Makefile (fayil ɗin umarnin haɗa manhajar), can ake yanke fayil ɗin da zai shiga kompaila (mai mayar da kod manhaja mai aiki). Dubi Linux, zaɓuɓɓuka sama da 10,000 a Kconfig (tsarin da ake rubuta zaɓuɓɓukansa da dokokinsu), amma har sai da aka ƙera wata manhaja mai suna undertaker don farauto kod ɗin da babu saitin da zai taɓa kunna shi.

Masu cewa a gwada duk saituna a gani, su lissafa: zaɓi 33 kacal masu zaman kansu sun haura haɗi biliyan 8.

Abin yi, ka ciro sharaɗin kowane yanki na kod haɗe da na Makefile, ka bi da TypeChef (manhaja mai nazarin kod na C da duk #ifdef ɗinsa) ya nuna haɗin da ke fasa kompaila, sannan SAT solver (manhaja mai gano ko sharuɗɗa za su iya cika tare) ya tace dokokin. Ko da haka kar ka yi wa oga alƙawarin cikakken abu. Mai bincike Sarah Nadi da abokan aikinta sun gwada a manhajojin Linux, BusyBox, uClibc da eCos a 2014, dokokin da suka iya cirowa daga kod ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Da yawa daga sauran a cikin kawunan mutane suke, irin su wannan bod ɗin (allon na'ura) ba ya ɗaukar wancan direban (kod mai sarrafa na'ura), don haka ka nemi tsofaffin injiniyoyin wurin da masu gwaji ku zauna, jerinka a hannu.